Hoton karnuka a gasar Crufts: ta ina zan ɓullo masa?

ƊanFagge_Birmingham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Na san wasu za su yi min dariya, ku yi abinku, amma in kun gama ku ba ni amsa. Shekara shida na yi ina ɗaukar kamu da dina da ɗaurin aure a Kano kafin karatu ya kawo ni Birmingham. Dattijuwar da nake haya a gidanta tana kiwon karnukan nan sirara masu dogayen ƙafafu da ake kira Whippet. Ɗaya daga cikinsu, wata karya fara mai dabbare-dabbare, ta samu gurbin shiga Crufts, babbar gasar karnukan da ake yi a NEC, babban zauren baje koli na Birmingham, duk watan Maris. Tsautsayi ya sa matar ta ga hotunan amare a kwamfutata, shi ke nan ta ce ni zan ɗaukar mata. Kunya ta hana ni cewa a'a.

Jiya na gwada a lambun gidan. Na ɗauki sama da 300, na zaɓo wanda ya fi burge ni: fuska ta cika hoto, ido yana ƙyalli, baya ya narke kamar yadda amare suke so. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, sai ta ce, ya yi kyau ƙwarai, amma ina karen yake? Wallahi na rasa abin cewa. Kayan aikina Canon R6 ne, da lens 24-70 da 70-200, duka f/2.8, da filashi biyu. Wanda ya taɓa irin wannan aiki ya taimaka.

KB_Studio:
Daga amarya ka koma karya 😂 Allah ya sa dai kuɗin aikin bai ragu ba.

Hauwa_Pix:
KB ka yi sa'a ba ka sa wa k ɗin ƙugiya ba, da maganar ta canza. Ɗan Fagge, ni ban san komai a kan wannan ba, na dai shimfiɗa tabarma ina jiran masu sani.

AntiLeeds:
Wa alaikumus salam ƙanina. Na ɗauki ƙananan gasanni da dama a nan arewacin Ingila, Crufts kuma na je sau biyu a matsayin 'yar kallo da kyamarata. Tambayar da dattijuwar ta yi maka ita ce darasin gaba ɗaya. Kai ka ɗauki fuska, ita kuma ƙira take nema.

A wajen nan kowane irin kare yana da rubutaccen ma'auni, kuma da shi alƙali yake gwada kowanne: tsawon wuya, yadda kafaɗa ta kwanta, zurfin ƙirji, layin gadon baya, lanƙwasar ƙafar baya, inda wutsiya ta zauna. Whippet ana son a ga ɗan tudu mai laushi a kan ƙugunsa, ciki kuma ya ɗage sama. Mai kare tana son hoton da wani mai kiwo a Sukotlan zai kalla ya karanta duk wannan ba tare da ya taɓa ganin karyar ba. Shi ya sa babban hotonsu shi ne na tsayuwa: kare ya tsaya ta gefe cak, ƙafafun gaba a miƙe ƙarƙashin jiki, na baya an ja su baya kaɗan, kai a ɗage. Daga hanci har ƙarshen wutsiya, da tafin ƙafa huɗu, duk su fito. Ka yanke yatsa ɗaya, hoton ya mutu a wajensu.

Abu na biyu, ka sauka ƙasa. Macen Whippet tsayinta a kafaɗa santimita 44 zuwa 47 ne, wato wajen gwiwarka. Idan ka ɗauka a tsaye, kana kallonta daga sama, ƙafafu za su gajarce, baya ya yi faɗi, ta koma kamar benci. Lens ɗinka ya zo daidai kafaɗarta. Ka ja da baya ka yi amfani da 70-200 ɗin a wajen 135 ko sama. Wancan 24-70 ɗin in ka matso da shi, duk ɓangaren da ya fi kusa da kai zai kumbura.

Na uku, wanda ba wanda ya gaya min sai da na sha wahala: a fili karnuka suna zagayawa ne ta hannun hagu, saɓanin tafiyar agogo, kare yana hagun mai riƙe da shi, domin alƙali yana tsakiya kuma ɓarin hagun kare ake nuna masa. Ma'ana duk wanda ya zo wucewa ta gabanka, ƙafafun mutum ne za su tare maka shi. Karen da za ka samu tsaf shi ne wanda yake can ɗaya gefen filin. Saboda haka ka zaɓi wurin zama da ke kallon gefen da suke jeruwa, ka je da wuri ka kama kujerar gaba.

ƊanFagge_Birmingham:
Anti Allah ya saka da alheri. Yanzu na gane dalilin da take ta jan ƙafar karyar baya jiya ni kuma ina ta matsowa kusa da hanci. To filashi fa? An ce min zauren ba haske sosai.

AntiLeeds:
Ka bar su a gida. Wurare da yawa sun hana a bakin fili, inda ma ba a rubuta ba za ka sha harara. Mutum ya yi shekara yana shirya kare, ya tuƙo mota tun asuba, minti biyu kacal yake da su a gaban alƙali, sai wani ya walƙa masa haske karen ya zabura. Haka fito, ko tafi, ko 'yar robar nan mai ƙara don kare ya ɗaga kunne. A lambu ka yi, a bakin fili kada ka kuskura. Jawo hankalin kare daga wajen fili laifi ne a dokarsu, kuma mai karen zai iya shafa, ba kai kaɗai ba. Ni an taɓa yi min magana a wata ƙaramar gasa saboda ledar biskit da nake buɗewa kawai. Kunyar da na ji ranar har yau ban manta ba.

Injiniya_Sabo:
Ƙari a kan filashi: ko an yarda ma ba zai yi maka daɗi ba. Bayan idon kare akwai wani shafi mai mayar da haske, shi ne yake sa idonsu ƙyalli da dare in fitilar mota ta haske su. Filashi daga kan kyamara zai ba ka ido kore ko ruwan ɗorawa kamar na aljani.

Matsalar da za ka fi fama da ita fitilun zaure ne. Wutar Ingila 50Hz ce kamar tamu, fitilu da yawa suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma kyamara tana gani. Da ka kai saurin shota, wato ƙiftawar kyamara, 1/800 na daƙiƙa za ka ga hoto ɗaya ya yi haske, na kusa da shi ya yi duhu ko launinsa ya sauya. R6 tana da saitin maganin ƙiftawar, ka kunna, sai dai da shotar ƙarfe yake aiki. Shota marar ƙara tana da daɗi kusa da dabba, amma a ƙarƙashin wasu fitilun za ta zana maka layi-layi a hoto. Da ka shiga, ka ɗauki farin bango sau goma a jere ka duba kafin a fara.

Ni da zan saita: tsayuwa 1/320, tafiya 1/800, ISO, wato ƙarfin karɓar haske, ka sake shi ya kai 6400, R6 ba ta jin tsoron wannan. RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, dole.

MaiHawa_Zazzau:
Salamu alaikum. Ni ban taɓa ɗaukar kare ba, amma shekara goma sha ina ɗaukar hawan sallah, kuma mai ƙafa huɗu duk ɗaya ne a wajen kyamara. Abin da Injiniya ya kira tafiya, na kalli bidiyonsu, sassarfa ce. A sassarfa ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu tare suke tashi, sannan ɗaya biyun su karɓa. A cikin kowane taku akwai ƙiftawar ido ɗaya da dabba take buɗewa gaba ɗaya, ta gaba ta miƙe, ta baya ta tura, gadon baya ya daidaita. Wannan kake nema. Akwai kuma mummunan lokaci, sanda nauyi ya sauka kan ƙafar gaba, ƙugu ya ɗaga sama, sai ka ga kamar dabbar za ta kifa da hanci. Ka ba mai doki irin wannan hoton, ya daina gaishe ka.

Shawarata kada ka danne maɓalli tun daga farkon fili har ƙarshe kana fatan sa'a. Ka zaɓi wuri ɗaya da bayansa yake da tsabta, ka bi dabbar da lens tun daga nesa, jikinka yana juyawa daga ƙugu, in ta iso wurin ka saki biyar ko shida. Kuma ka tsaya ka kalli rukuni biyu ko uku kafin a zo kan taku, ba tare da ka ɗauki komai ba. Kunnenka zai kama kiɗan takun. Mu haka muke yi kafin tawagar da ta ɗauke mu aiki ta iso.

Injiniya_Sabo:
Malam MaiHawa, da girmamawa, wannan shawarar zamanin fim ce. Kyamararsa tana yin 12 a daƙiƙa da shotar ƙarfe. Memori ba tsada. Ya danne kawai ya zaɓa a gida.

MaiHawa_Zazzau:
Injiniya, ranar da ka zauna tace hoto 4000 mai aiki yana kiranka a waya, za ka tuna da ni. Kuma kai da bakinka ka ce ya kunna maganin ƙiftawa, shi kuma yana rage gudun. Sha biyun nan ba za ta cika ba.

Abu_Ammar:
Ni tambayata daban ce, kuma ba da faɗa na zo ba. Ɗan'uwa, ka yi tunanin hukuncin abin kuwa? Hadisi ya zo cewa mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare ko hoto, kai ga shi ka haɗa biyun wuri ɗaya. Ga najasa, za ka wuni cikin dubban karnuka, da wane kaya za ka yi azahar da la'asar?

KB_Studio:
Malam, in batun hoto ne ai duk gidan nan mun shiga uku, har da kai da kake ɗaukar fasfo 😅

Malama_Zee:
KB ka bar wasa, tambayarsa tana kan hanya. Abu Ammar, abin da muka karanta a islamiyya shi ne a mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muka tashi a kai, duk mai rai tsarkakke ne, har kare da yawunsa, wanke ƙwaryar da kare ya sa baki sau bakwai kuma bin umarni ne, ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hambaliyya su ne suke ɗaukarsa najasa. Kiwon kare don farauta ko tsaron dabbobi da gona kuwa nassi ya yarda da shi, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ma ta yi maganar dabbobin farauta da aka horar. Inda malamai suke da magana shi ne ajiye shi a ɗaka don ado kawai. Shi kuma Ɗan Fagge ba nasa ba ne. Ya tafi da wando na biyu a jaka, hankalinsa ya kwanta.

Abu_Ammar:
Na ji, Malama. Amma taimakawa wajen abin da kika ce malamai suna da magana a kai fa? Ni dai da ni ne da na ba ta haƙuri.

Admin_Garba:
Jama'a, kowa ya faɗi fahimtarsa cikin ladabi, mun gode. Ɗan Fagge yana da malamai a Birmingham, ya tambaye su. A dawo kan kyamara.

Azawak_Tahoua:
Sannunku. Ni nan Tahoua nike, kuma maganar ga ta taɓa ni. Cikin karnukan da za ka gani can akwai namu. Azawakh, sunan kwarin Azawak na, arewa da mu har cikin Mali, inda shanun Azawak sunka samo suna. Buzaye ka kiwon su, suna tsaron zango da bisashe, suna korar zomo da barewa. Turawa sunka kai su Turai, Amurka ma ƙungiyarsu ta karɓe su cikin 2019. Rukuninsu guda da Whippet ɗin taku, na masu farauta, ke nan rana guda za a yi su. In ka gama aikinka don Allah ka neme su ka ɗauko muna ko guda, ba su da yawa.

Abin da zan gaya maka cikin ɗaukar irin waɗanga: haƙarƙari da ƙashin ƙugu suna bayyana, haka halittarsu take, ba yunwa ba ce. Na taɓa sa hoton wani da na ɗauka wani zango kusa da Abalak, mutane sunka cika ni da zagi wai an bar dabba da yunwa. Hasken da ya zo ta gefe shi ka fiddo jijiya da tsoka, amma in ya yi ƙarfi sai ƙashi ya yi yawa. Da safe ko da marece nike ɗauka. Kuma ba su son baƙo. Kada ka miƙa hannu, kada ka kafe shi da ido, zauna gefe ka bari ya manta da kai.

Hauwa_Pix:
Ikon Allah. Wato karen da muke wucewa a ƙauye ana jifa, ɗan'uwansa yana can ana taje shi a kan kafet.

Azawak_Tahoua:
Hajiya, ba kowane karen ƙauye ba ne Azawakh, amma Buzu bai jifar nashi.

Sarki_K9_Abuja:
Bari in kawo namu na gida, ko wani zai amfana. Nan Abuja da Legas ana ɗan taruwa a nuna karnuka, yawanci a filin ƙwallo, kuma manya ne: Boerboel, Rottweiler, Caucasian, da Alseshan. Namu ciwon kan ba duhu ba ne, rana ce. Ƙarfe goma sha ɗaya ta yi, kowane kare ya zaro harshe har ƙirji, ido ya ƙanƙance, ba hoton kirki. Duk abin da zan ɗauka na tsayuwa kafin goma nake gamawa. Mai Boerboel kuma ya riƙe tawul, a goge dalala kafin kowane ɗauka, in ba haka ba za ka kwana kana gogewa a kwamfuta.

Batun launi, wannan ya shafe ka Ɗan Fagge. Kyamara tana son mayar da komai toka-toka. Baƙin kare in ya cika hoto sai ta ƙara haske ya koma ruwan toka, fari kuma ta rage ya yi datti. Taka fara ce, ka lura kada farin ya ƙone, gashin ya ɓace. Ni manuwal nake sawa in gwada a kan kare ɗaya in bar shi.

Sannan kowane iri da tsayuwarsa. Alseshan ƙafar baya ɗaya ake ja baya, ɗaya tana ƙarƙashin ciki. Na taɓa ɗaukar wa wani oga nasa, na sa yaronsa ya daidaita ƙafafun biyu don ni a idona ya fi kyau. Ya kalla ya ce na mayar masa da kare tunkiya, bai biya ba. Tun ranar, kafin in ɗauki irin da ban sani ba sai na nemi hotunan zakarun irin na kalla.

Anti ta ce a sauka ƙasa, gaskiya ne, amma da Whippet take magana. Na kwanta rub da ciki gaban wani Boerboel mai kilo wajen 70, ina leƙe ta kyamara, ban ankara ba sai ganin komai na yi ya yi duhu. Allah ya sa wasa ya zo yi. Lens ɗin sai da na kai wanki. Ka bar ido ɗaya a buɗe, kuma ka tambayi mai kare kafin ka matso.

AntiLeeds:
Sarki ya tuna min. Kafet ɗin Crufts kore ne shar, kuma yana mayar da launinsa kan cikin farin kare da ƙirjinsa da ƙasan haɓa. A Lightroom, manhajar gyaran hoto, kada ka gyara hoton duka, za ka ɓata kafet ɗin da kowa ya san launinsa. Ka shafa wurin kawai ka rage koren.

Ga yadda abin yake tafiya don kada ya zo maka ba-zata. Za su shigo su jeru, su zagaya tare, sannan ɗaya bayan ɗaya. Whippet a kan tebur ake duba shi a nan Ingila, alƙali ya duba haƙora, ya shafa kafaɗa da baya, sannan a tafi da shi a dawo, ko a yi kusurwa uku. Daƙiƙun da aka gama tsayar da ita a tebur kafin alƙali ya sa hannu, nan ne damarka ta farko, kuma a nan ba sai ka durƙusa ba. In Allah ya ba ta sa'a ta zo ta ɗaya ko ta biyu, za a bar su a tsaye alƙali yana rubuta bayaninsa a kansu, wannan ita ce dama mafi tsawo. Jan kati shi ne na ɗaya a nan, shuɗi na biyu. Kada ka ga ja ka ɗauka an kore ta.

Bello_Bronx:
Mu nan Amurka akasin haka ne, shuɗi ne na ɗaya, ja na biyu. Tamu babbar ita ce Westminster ta New York, tun 1877 ake yi, ta girmi Crufts da aka fara 1891.

AntiLeeds:
Ta girme ta a shekaru, amma je ka ga yawa. Crufts kwana huɗu ake yi, karnuka wajen dubu 20, zaure bayan zaure. Ɗan Fagge ka sa takalmi mai daɗi, kuma ka hau jirgin ƙasa daga tashar New Street ta cikin gari ka sauka Birmingham International, tashar a manne take da wurin.

Zuma_Art:
Ni fa duk na karanta, kuma ban yarda a ce hotonsa na farko kuskure ba ne. Wannan hoton tsayuwar da kuke ta yabo, fasfo ne. Kowa iri ɗaya, kai a hagu, wutsiya a dama. Ina mai hoto a ciki? Da ni ne zan je, bayan fage zan tare, wajen bencinan da karnuka suke jira: tsohuwa tana gyangyaɗi kare ya ɗora kai a cinyarta, mai taje gashi da kumb a baki, hannu yana rawa wajen ɗaura lamba. Na bi 'yan farauta a Bauchi kwana biyu, hoton da ya fi tsaya min ba na gudu ba ne, wani yaro ne yana cire wa karensa ƙaya a tafin ƙafa, karen ya rufe ido. Wannan ba ma'aunin da zai auna shi.

Sarki_K9_Abuja:
Zuma, wanda ya biya shi yake zaɓar waƙa. Ka kai wa mai kiwo hoton gyangyaɗi ka ga ko zai saka a tallan 'yan kwikwiyo.

MaiHawa_Zazzau:
Kuma fasfon nan da kake rainawa ya fi wuya. Fuska kowa zai iya samu da waya. Ka samu ƙafa huɗu, kunne, wuya da baya duk su daidaita a daƙiƙa ɗaya, ba kwandon shara a baya, ba sandar talla da ta tsiro a kan kare, sannan ka zo mu yi magana.

Zuma_Art:
Wuya daban, rai daban, Baba. Amma na ji.

Hauwa_Pix:
Tambaya. In ƙugun bai yi tudun da ake so ba, ba sai a ɗan taɓa shi a Photoshop ba? Mu nan amarya tana cewa a rage mata tumbi a ƙara haske, ba wanda ya mutu.

AntiLeeds:
Hauwa, kul! Wannan a wajensu ha'inci ne, domin da hoton ake zaɓar wanda za a haɗa da wa, ana biyan kuɗi masu yawa. Kuma duniyarsu ƙarama ce, waɗanda suka ga karyar a fili za su ga hoton. Gyaran haske da launi, goge dalala ko gashin da ya faɗi a kafet, ba laifi. Layin jiki kuwa ko ɗigo.

Injiniya_Sabo:
Igiyar wuya fa? Ni ina gogewa, hoto ya fi tsabta.

AntiLeeds:
A hoton fuska na lambu ina gogewa. A na gasa ina bari, saboda in ka goge za ka taɓa layin wuya, kuma za ka bar mutum da hannu a sama yana riƙe da iska.

Injiniya_Sabo:
Sai a yanke mutumin ai.

Sarki_K9_Abuja:
Ka yanke mai kare daga hoton nasararsa? Injiniya kai dai ba ka son a biya ka.

ƊanFagge_Birmingham:
Na dawo da rahoto. Yau da safe mun sake fita lambu. Na shimfiɗa leda na durƙusa can jikin katanga, lens a 150, f/4 saboda na lura a 2.8 in ta ɗan juyo da kai hanci yana fita daga fokas. Na kunna mai bin idon dabba, yana kamawa, sai dai in ta ba ni gefe sosai yakan koma kan dabbaren kafaɗa. Sanyi ya sa tana ta karkarwa, sai mun cire mata riga mu ɗauka cikin minti ɗaya mu mayar. Na ɗauki 60 kacal, Baba MaiHawa ka ji. A guda ɗaya komai ya zauna. Dattijuwar ta sa yatsa a kan allon tana bin gadon bayan tun daga wuya har wutsiya, ba ta ce komai ba, sai ta tafi ta dafa min shayi. Sassarfar ce har yanzu ban samu ba, duk wanda na duba ƙugu a sama. Gobe za mu je filin unguwa inda akwai tsawo.

Abu Ammar, na ji maganarka, zan tambaya ranar Juma'a. Na Tahoua, in na gansu za ka gani.

Saura abu ɗaya: sanda mai ƙafa ɗaya tana da amfani, ko nauyi ne kawai?

MaiHawa_Zazzau:
In a durƙushe za ka wuni, gwiwarka ita ce sandar. Ka sayi abin ɗaurin gwiwa irin na masu tayil. Ƙugu a sama kuma, kana saurin dannawa ne ko tana saurin ja. Ka ce ta rage gudu kaɗan ta saki igiyar.

AntiLeeds:
Cunkoso ba zai bar ka ka kafa komai ba. Batir uku, memori biyu. Kuma ka karanta sharuɗɗan ɗaukar hoto na wurin tun yanzu, domin ɗaukar wa kai daban, na sayarwa daban, na biyun yana son izini. Ta duba takardarta ta gaya maka rana da lambar zaure da lambar fili, domin ranar kowane rukuni tana canzawa duk shekara.

KB_Studio:
Duk kun yi ta surutu ba wanda ya tambayi muhimmin abu. Nawa za ta biya?

ƊanFagge_Birmingham:
Ta saya min tikiti, kuma ta ce kyautar kek har in gama karatu.

KB_Studio:
Kek. Mutumin da yake karɓar kafin alƙalami kafin ya fito daga Fagge. Anti don Allah ki yi masa magana.